Nazarin Lamari: Yadda Matafiya Huɗu Suka Ɗaure Kayan Tafiyar Ƙasa Daga Kaltungo Zuwa Cham

A hunturun da ya gabata wasu mutum huɗu mazauna garin Gombe suka shirya tafiyar ƙasa ta kwana goma a tsaunukan kudancin jihar, da niyyar su tashi daga Kaltungo, su haura Tula, su gangara ƙasar Waja ta wajen Talasse, sannan su karkato kudu su fito Cham a kan hanyar Yola, inda za su samu motar komawa gida. Shugaban tafiyar malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare, sai ƙanensa wanda ke karatu a jami'a, da abokinsa ma'aikacin jinya, da wani tela maƙwabcinsu. Sun yi sharaɗi cewa kowa shi zai goya kayansa, ba jaki ba babur. Wannan nazari ya tsaya ne a kan kayan da suka ɗauka, da waɗanda suka bari, da yadda hanya ta gwada kowane zaɓi, kuma ya dogara ga littafin da malamin ya riƙa rubuta awo a ciki da abin da su huɗun suka bayar da labari bayan dawowarsu.

Ƙasar da lokacin

Yankin da tun zamanin Turawa ake kira Tangale-Waja a yau ya ƙunshi Billiri da Kaltungo da Balanga da Shongom, huɗu daga cikin ƙananan hukumomi 11 na jihar da aka cire daga Bauchi a 1996. Ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai, amma ba daji ba ce da babu mutane, domin da wuya matafiyi ya wuni bai wuce wani ƙauye ko gona ko rugar Fulani ba, kuma Hausa tana kai mutum ko'ina a tsakanin Tangale da Tula da Waja da Dadiya da Cham. Wannan yana rage guzurin da ake buƙata ƙwarai, kodayake yana jawo wata buƙatar da za a zo kanta.

A ƙarshen Disamba da farkon Janairu zafin rana yakan haura digiri 30 bayan azahar, da asuba kuma ya sauko ƙasa da 15, kuma duk mita 1,000 da mutum ya hau iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6, ban da kaɗawar da take yi a kan tudu. Ba a fargabar ruwan sama. Iska a bushe take har leɓe ya tsage, ƙananan rafuka sun fara ƙafewa, ciyawa ta bushe, gobarar daji kuma ba ta da wuyar tashi. Ma'anar wannan ga mai ɗaure kaya ita ce jaka ɗaya za ta yi wa yanayi biyu hidima a kowace rana, kuma ruwan sha zai cinye kaso mafi girma na nauyin da mutum zai iya ɗauka.

Awon farko

Mako biyu kafin tashi malamin ya aro sikelin rataye a wurin wani mai sayar da hatsi, ya ɗaure shi a reshen dalbejiyar ƙofar gidansu, ya ce kowa ya kawo jakarsa yadda yake ganin ta kammala. Ƙa'idar da ya bi ita ce wadda masu tafiyar goyo suka saba da ita, cewa kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗaukarta. Shi yana da kilo 70, saboda haka haddinsa 14. Ƙanensa mai kilo 58 haddinsa bai kai 12 ba. Jakar ɗalibin ta nuna kilo 19, alhali ko ɗigon ruwa bai zuba a ciki ba. Da aka zazzage ta a kan tabarma sai ga wandon jins uku, riguna bakwai, bargo mai kauri irin na gado, takalma ƙafa uku, lasifikar waya, da kwalbar turare.

Abin da ya bambanta shirinsu da na galibin mutane shi ne malamin bai fara da tambayar me za a ɗauka ba, sai ya fara da ragi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma sun tsayar cewa kowa zai bar kowace rijiya da lita 4. Jaka fanko ta kai kilo ɗaya da rabi. Abincin kwana uku, wanda shi ne mafi tsawon tazarar da suka yi tsammani tsakanin kasuwa da kasuwa, kilo 2 ne. Kafin a sa ko singileti, kilo bakwai da rabi sun riga sun tafi, abin da ya rage wa malamin shida da rabi, ɗalibin kuwa huɗu da 'yan kai, kuma a cikinsu ne tufafi da shimfiɗa da magani da rabon kowa na kayan girki za su shiga.

"Yaya, kwana goma fa za mu yi, riga biyu ina za su kai ni?" in ji ɗalibin. Malamin ya ce masa ya goya kilo 19 ɗin ya je masallacin unguwa ya dawo, sannan su yi magana. Da ya dawo da kansa ya fara ware jins.

Tufafi

A nan aka fi jayayya, kuma a nan ne telan ya fi kowa amfani. Matafiyan ƙasashen sanyi suna gargaɗi a kan auduga saboda tana shan gumi ta riƙe, idan iska ta buso ta sanyaya jiki. Telan ya ce wannan gaskiya ce amma rabinta, domin a hunturun arewa rigar da aka wanke aka shanya a kan dutse takan bushe kafin a gama dafa shayi a sha, saboda haka matsalar ba ta bushewa ba ce, ta ruwan wankin ce. Da rana doguwar rigar auduga mara nauyi, mai dogon hannu da faɗi, ta fi jesin 'yan ƙwallo daɗi, tana kare fata daga rana da ƙaiƙayin ciyawa, ba ta yin wari da wuri, kuma tartsatsin wuta ba ya narka ta yadda yake huda yadin roba. Haɗarinta yana wajen magariba ne, lokacin da mutum ya sauke jaka bayansa sharkaf da gumi, sanyi kuma ya fara sauka. Maganin da suka tsayar mai sauƙi ne: kaya kashi biyu, na tafiya da na kwana, kuma na kwana ba a taɓa tafiya da su ko da na tafiyar sun yi dauɗa. Da an sauka a masauki, kafin a hura wuta, kowa ya tuɓe jiƙaƙƙiyar riga ya sa busasshiya.

Na tafiya su ne riga biyu, wando ɗaya mai ƙwari, gajeren wando na ciki uku, da safa ƙafa uku. An yar da jins gaba ɗaya saboda nauyinsa da yadda ɗinkinsa ke gurje cinya idan gumi ya bushe ya bar gishiri. An kuma yar da wandon motsa jiki mai laushi, wanda ɗalibin ya so ƙwarai, saboda ƙarangiya. Duk wanda ya ratsa busasshiyar saura da irin wannan wando ya san yadda take maƙale masa daga idon sawu zuwa gwiwa, mutum ya zauna yana cirewa ɗaya bayan ɗaya tana soke masa yatsu, ya tashi ya yi taku ashirin wata ta sake kamawa. Telan ya ɗinka wa kowa wando da yadi mai santsi irin na kayan makaranta, ya saki cinyar, ya tsuke ƙafar, ya ninka gwiwa.

Na kwana su ne singileti, da riga mai dogon hannu, da suwaita, da wando mara nauyi, da hular sanyi, da safa ɗaya mai kauri da ba a tafiya da ita. Ma'aikacin jinyar ya sayo babbar rigar sanyi a wurin 'yan gwanjo, mai kyau kuwa, amma sikeli ya nuna ta kusan kilo biyu, sai aka ce ya bar ta. Hujjar malamin ita ce siraran riguna uku ɗaya bisa ɗaya suna tare iska a tsakaninsu su ba da ɗumi, kuma ana iya cire su ɗaya-ɗaya yayin da hantsi ke dagawa, alhali babbar riga ko dai a sa ta a yi gumi ko a cire ta a ji sanyi. A ganina wannan shi ne hukunci mafi inganci da suka yanke a kan tufafi.

Kowa ya ɗauki rawani ko dogon ƙyalle mai tsawon yadi uku, kuma babu abin da ya yi aiki iri-iri kamarsa: ya rufe hanci daga ƙura, ya kare wuya daga rana, ya zama tawul, ya zama matacin ruwa, da dare ya zama matashi. Malafa ta fi hana-sallah saboda tana inuwantar da kunne da ƙeya. An hana duk wani abu mai launin kakin soja, har da jakar da telan ya so ya aro, saboda an haramta wa farar hula sa irinsa, kuma baƙi huɗu masu manyan jakunkuna ba sa buƙatar ƙarin abin da zai sa a zarge su.

Ƙafa, da abin da ke cikin ciyawa

Ba don banza aka kafa asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba. Wannan yanki matattarar kububuwa ce, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, ƙaramar macijiya da tsawonta bai cika wuce rabin mita ba, launinta ya saje da ƙasa da tsakuwa, dafinta kuma yana hana jini daskarewa har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi da tsofaffin raunuka. Sara ya fi yawa a lokacin shuka da girbi, yana raguwa da sanyi, amma ba ya ƙarewa, kuma galibinsa a ƙafa ne ko idon sawu. Saboda haka ma'aikacin jinyar ya ƙi amincewa da silifas ko takalmin danƙo a kan hanya. Ya tsaya a kan sau-ciki mai rufe idon sawu, da safa mai kauri, da wando har ƙasa, da tocila ga kowa, wadda ba a fita ko fitsari sai da ita. Kowace safiya a zazzage takalmi kafin a sa, saboda kunama.

A jakar maganinsa babu baƙin dutsen da ake mannawa a wurin sara kuma babu igiyar ɗauri. Ya bayyana musu cewa ɗaure ƙafa tamau, ko tsaga wurin, ko tsotsa, ba sa fitar da dafi, sai dai su ƙara ɓarna. Abin yi shi ne a kwantar da wanda aka sara, a cire zobe ko duk abin da zai matse idan kumburi ya zo, a tallafe ƙafar da sanda kada ta motsa, a ɗauke shi a kai asibiti. Don haka maganin maciji na gaskiya da suka ɗauka shi ne waya mai caji, da lambar wani ɗan acaba a kowane gari da suka wuce, da kuɗin mota da aka ware ba a taɓawa. Sauran jakar kuwa filasta ce mai yawa, da bandeji, da farasitamol, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da man kaɗanya don leɓe da faso, da ƙullin gishiri da sukari na gudawa, wanda idan ya ƙare ana haɗa shi da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Uku daga cikinsu sun yi amfani da tsofaffin takalma da ƙafa ta saba da su, aka kai wa baduku ya zagaye tafin da ɗinki. Ɗalibin ne kaɗai ya sayi sabon takalmin but, kwana biyu kafin tashi.

Jakar kanta

Yawancin jakunkunan goyo da ake samu a kasuwa na 'yan makaranta ne, nauyinsu duka a kafaɗa yake rataye. Jakar doguwar tafiya tana buƙatar ɗamara mai faɗi da za ta zauna a kan ƙashin ƙugu, domin ƙugu da ƙafafu su ɗauki mafi yawan nauyin. Biyu sun samu irinta a gwanjo. Sauran biyun aka kai wa badukun, ya yanka tsohon bel ɗin kujerar mota, ya naɗe shi da soso da yadi, ya ɗinke a gindin jaka da zaren roba riɓi biyu, yana huda da basilla yana ja har sai jijiyar hannunsa ta tashi, sannan ya bi maratayan kafaɗa ya ƙara musu ɗinki inda suka haɗu da jiki, domin nan suke fara tsinkewa. Da ya miƙa jakar ya ce, "Malam, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka cika ta ka zaga gari da ita, inda ta cije ka ka dawo mini." An dawo masa da guda.

Tsarin zubi shi ne kayan kwana a ƙasa, ruwa da abinci da tukunya a tsakiya manne da baya, tufafi a kewaye su cike gurbi, sai tocila da magani da rawani a sama inda hannu zai kai. Komai a cikin leda, ba don ruwa ba, don ƙura.

Shimfiɗa, ruwa da abinci

Ba su ɗauki tanti ba, tunda ba ruwan sama. Tamfol ɗaya mara nauyi da igiya sun isa su tare iska. Kowa ya ɗauki siririn bargo da darduma, malamin da ma'aikacin jinyar suka ƙara da falle ɗaya na soso mai kaurin yatsa, sauran biyun suka ce darduma ta wadatar. Gidan sauro biyu aka ɗauka, mutum biyu a kowane.

Ruwa a robobin lemo aka zuba maimakon galan guda, domin a rarraba nauyi, kuma in ɗaya ta fashe ba a yi asarar duka ba. Ruwan burtsatse suna sha kai tsaye. Na rijiya ko rafi ana tacewa da rawani, idan ya gurɓace a jefa ɗan alif ya kwanta, sannan a sa maganin tsabtace ruwa na WaterGuard a jira minti 30, ko a tafasa. An hana wanka a kududdufi saboda tsargiya. Abinci kuwa guzurin da fatake suka sani ne: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, dakuwa, garin kunu, ganyen shayi da sukari da yaji, da taliya ƙulli kaɗan. Tukunya ɗaya, buta ɗaya, wuƙa ɗaya, ashana a leda. An bar risho, an dogara ga itace, bisa sharaɗin a share ciyawa kewaye da murhu kuma a binne wutar da ƙasa kafin a tashi.

Kayan shiga mutane

Telan ne ya kawo shawarar da da farko aka yi wa dariya, cewa kowa ya naɗe kaftani ɗaya mara nauyi da hula. Ɗalibin ya ce shi da aka hana jins ba zai goya kayan Juma'a ba. Telan ya ce a ƙasar mutane za a kwana, kuma wanda ya shiga gaban dagaci da rigar da ta sha gumin kwana uku ya riga ya faɗi wani abu game da kansa kafin ya buɗe baki. An ɗauka. Tare da shi akwai katin shaidar ɗan ƙasa, da takarda daga makarantar malamin mai bayyana ko su wane ne, da kuɗi ƙananan takardu a rarrabe a jaka huɗu, tunda ba ko'ina ake samun mai POS ko sabis ba. Adda an bar ta a gida, an ɗauki sanda.

Abin da hanya ta nuna

Kwana biyun farko sun tabbatar da lissafin ruwa, har ma suka nuna lita 4 ba ta yi yawa ba, domin a hawan Tula telan ya shanye nasa kafin la'asar sai da aka taimaka masa. Busasshiyar iska tana ɗauke gumi kafin mutum ya gan shi, sai ya zaci bai yi asarar ruwa ba. Daga nan ma'aikacin jinyar ya sa kowa ya riƙa duba launin fitsarinsa.

A rana ta uku sabon but ya yi aikinsa. Bororo ya fito wa ɗalibin a dundunniya biyu da ƙaramin yatsa, na dama ya fashe, safa ta manne da shi har sai da aka jiƙa ta da ruwan ɗumi kafin ta fita. An wanke, an rufe da filasta, an raba kilo 4 na kayansa ga sauran ukun, abin da ya haurar da malamin sama da haddin da shi ya kafa, aka kuma yi asarar wuni guda a zaune. Abin da ya ceci tafiyar shi ne tsohon kambas da aka saya masa a kasuwar ƙauye. Kambas ɗin bai rufe idon sawu ba, saboda haka aka mayar da shi tsakiyar layi, ɗan rakiyar da suka ɗauka, wani dattijon mafarauci, yana gaba da sanda yana bugun ciyawa.

Dare na farko a kan tudu ya raba masu soso da marasa shi. Dutse da ƙasa suna janye ɗumin jiki ta ƙasa fiye da yadda iska ke yi ta sama, kuma ƙarin bargo ba ya maganin wannan. Telan da ɗalibin sun kwana suna juyi. Da safe telan ya tambayi mafaraucin, "Baba, ku yaya kuke yi?" Dattijon ya nuna masa yadda ake tara busasshen kara da ciyawa, a bubbuga su da sanda a tabbatar ba kowa a ciki, a shimfiɗa buhu a kai. Buhunan masara biyu fanko da suka roƙa a ƙauye na gaba sun zama cikin kayan da aka fi yabawa.

'Yar solar cajin waya da ɗalibin ya rataya a bayan jaka ba ta yi abin kirki ba, saboda hazo ya dushe rana kuma ƙura tana rufe fuskarta, sai fawa banki ɗaya da masu cajin waya a kasuwanni suka riƙe su. Kaftani kuwa ya biya kuɗin goyonsa, domin a mafi yawan ƙauyuka bayan gaisuwa da nuna takarda an ba su zaure ko ajin makaranta sun kwana, har tamfol ya zama sau uku kawai aka shimfiɗa shi. Daga Talasse suka ba wani direba but ɗin, da solar, da rabin taliya, da riga ɗaya ta kowa, ya kai musu Gombe.

A Cham, kafin su hau mota, malamin ya auna jakunkunan a sikelin wani mai sayen wake, ba ruwa ba abinci: tasa kilo 7, ta ƙanensa 5. A shafin ƙarshe na littafinsa ya rubuta gyare-gyaren da za a yi in za a sake: soso ga kowa, lita 5 a ranar hawa, safa ƙafa huɗu, kuma duk takalmin da bai yi wata guda a ƙafa ba ba zai bi su ba. Abu ɗaya ne ba su daidaita a kansa ba, wato gidan sauro. Malamin yana ganin kusan kilo ɗaya ne aka goya don dare biyu da aka kwana kusa da fadama, ma'aikacin jinyar kuma ya ce daren biyun su ne dalilin ɗaukarsa, kuma idan aka cire shi daga jerin to a cire sunansa tare.